Magana Zarar Bunu: Marubuci da Asirin Mutanen Garinsu

Gabatarwa

A 'yan watannin nan matasan da suka shigo wannan ƙungiya tamu sun yi ta kawo mini rubuce-rubucensu, daga nan cikin Daura da Zango da Mai'aduwa da Sandamu da Ɓaure, kowa yana so in duba masa kafin ya kai maɗaba'a ko ya saki ga masu karatu ta waya. Na ji daɗin ganin wannan himma, kuma a cikinsu akwai waɗanda alƙalaminsu ya fi nawa kaifi a lokacin da nake kamar shekarunsu. Sai dai akwai wani abu da na ga yana ta maimaituwa a shafin farko na da yawa daga cikinsu, wato marubuci ya sanar da cewa labarin nan gaskiya ne, ya faru a kan wata baiwar Allah da ya sani, sunaye kawai ya canza. Wasu ma alfahari suke yi da haka, suna ganin shi ne zai sa littafi ya yi kasuwa.

Wannan ɗabi'a ita ce nake so mu ɗan yi wa tarke a wannan fitowa. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, duk maganar da aka rubuta aka sake ta ga jama'a tana fuskantar haɗari iri biyu. Na farko, mai karatu zai fahimce ta yadda ya ga dama, marubuci kuwa ba ya nan balle ya gyara masa. Na biyu, ba ta mutuwa, tana nan tana jiran ranar da za a tono ta. Idan kuwa asirin wani ne a cikinta, to, shi ne zai biya bashin da marubuci ya ci.

Laifin da na yi da hannuna

Kafin in nuna wa kowa yatsa, bari in fara da kaina. Shekaru da dama da suka wuce, ina ɗanyen marubuci, na rubuta wani gajeren labari a kan mutuwar auren wata maƙwabciyarmu. Ta bakin matan gidanmu na ji yadda abin ya gudana, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai, domin a ganina an zalunce ta. Na zauna na rubuta shi da niyyar in kare ta, in kuma ja kunnen maza masu irin halin mijinta. Na canza sunanta da na mijin, na ga kamar na gama rufa mata asiri. Amma na bar sana'ar mijin yadda take, na bar yawan 'ya'yansu, na bar wata tsamiya da ke ƙofar gidan, har da wata magana da uwar mijin ta faɗa a ranar da abin ya faru, wadda duk unguwa ta ji.

Labarin bai yi mako biyu da fitowa ba sai ga gwaggona ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa da sakin fuska ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe abin da aka kai ka makaranta ka koyo ke nan? Yarinya tana zaune a ɗakin uwarta tana jinyar zuciyarta, kai kuma ka ɗauke ta ka kai kasuwa?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ai ban ambaci sunanta ba, kuma bayanta na bi." Ta ce, "A garin nan sai an ambaci suna? Tsamiyar fa, ita ma sunanta ka canza?"

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutane suka karanta labarin. Dangin mijin suka ce ita ta ba ni labarin don ta tozarta ɗansu. Wasu suka ce ai ina son ta ne, shi ya sa na tsaya mata. Wani wuri da na sa tauraruwar tana tunanin wani tsohon saurayinta, wanda ni na ƙago shi don labari ya yi armashi, sai aka ɗauke shi tamkar shaida, aka ce ga dalilin sakin nan ya fito. Wato ƙaryar da na ƙara ita ce ta fi gaskiyar da na ɗauko cutar da ita. Bayan shekaru, lokacin da aka zo neman auren 'yarta, sai da wani ya zaro wannan tsohuwar takarda ya nuna wa dangin manemin. Allah Ya rufa asiri aka yi auren, amma ni na san abin da na jawo.

Haɗari na farko: rashin fahimta

Idan mutum yana magana a zaure ko a dandali, muryarsa da fuskarsa suna taya shi. In ya yi ba'a, ana ganin murmushinsa. In ya ga ran wani ya ɓaci, nan take zai ce ba haka yake nufi ba. Rubutu ba shi da wannan gata. Yana isa hannun wanda bai san marubuci ba, bai san dalilin da ya sa aka yi shi ba, watakila ma shafi ɗaya kawai aka karanta masa daga tsakiya.

Babban nau'in wannan rashin fahimta a wurin masu karatunmu shi ne kasa raba marubuci da taurarinsa. Wannan kuwa yana da tushe a adabinmu. Mai tatsuniya shi ne bakin Gizo, shi ne bakin Ƙoƙi, kuma kowa ya san wasa ne domin an buɗe da ga ta nan ga ta nanku. Da ƙagaggen labari ya shigo ta hanyar gasar da aka shirya a 1933, sai wannan iyaka ta fara dushewa. Alal misali, Abubakar Imam ya kira tauraron Ruwan Bagaja da suna Alhaji Imam, ya kuma bar shi yana ba da labari da bakinsa. Babu mai hankalin da zai ce Imam ɗin da ya koyar a Midil ta Katsina shi ne ya yi waɗancan yawace-yawace da rigingimu da Malam Zurƙe, domin abubuwan mamakin da ke ciki sun isa su nuna ƙirƙira ce. Amma da labaranmu suka baro duniyar aljanu suka shigo tsakar gida, suka koma zancen kishi da auren dole da saki, sai mai karatu ya rasa alamar da za ta gaya masa inda gaskiya ta tsaya. Daga nan in mace ta rubuta labarin bazawara sai a ce tarihinta ne, in saurayi ya rubuta labarin mashayi sai a fara yi masa kallon tuhuma.

Ba mu kaɗai wannan ciwo ya dama ba. A ƙasar Faransa, a 1857, an gurfanar da Gustave Flaubert gaban kotu saboda littafinsa Madame Bovary, bisa zargin ɓata tarbiyya, domin tauraruwar matar aure ce da ta ci amanar mijinta. Kotu ta sallame shi, amma sai da ya tsaya gaban alƙali saboda laifin matar da shi ya ƙage ta. A Masar kuma, Najib Mahfuz ya fitar da wani labari a jaridar Al-Ahram a 1959 wanda ya jawo ce-ce-ku-ce mai zafi. A 1994, bayan shekara 35, yana tsoho mai shekara fiye da 80, wani matashi ya soke shi da wuƙa a wuya a birnin Alƙahira saboda wannan tsohon rubutu. Ya rayu, amma hannunsa na dama ya samu naƙasa.

A nan gida, duk wanda ya ga zamanin littattafan soyayya ya tuna abin da aka yi ta faɗa a kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. A cikin labarin Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren wanda ba ta so. Mai karatu mai natsuwa zai ga gargaɗi ne ga iyaye a kan auren dole. Wasu kuwa suka karanta shi a matsayin darasin da ke koya wa 'yan mata bijirewa da faɗawa rijiya. Shafi ɗaya ne, fahimta biyu, kuma marubucin ba shi da ikon bin kowane gida ya yi bayani. Irin wannan kallo ne ya yi ta taruwa har ya kai ga ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

To, idan ƙagaggen tauraro yana iya jawo wa marubuci wannan, ina ga mutum mai rai wanda aka ɗauko aka sa a labari? Marubuci shi ya zaɓi wannan sana'a, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Maƙwabciyar da aka rubuta labarinta kuwa ba ta ja ruwa ba, kuma ba ta da alƙalamin da za ta mayar da martani.

Haɗari na biyu: rubutu ba ya mutuwa

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana wannan darasi ba, domin muna zaune a kan babban misalinsa. Kowane yaro a garin nan ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu da aurensa da Sarauniya Daurama. Mu dubi kashi na biyu na labarin da idon marubuci. Zance ne na cikin gida: ga uwargida, ga ƙwarƙwara Bagwariya, ga 'ya'ya biyu, Karɓagari da Bawo, waɗanda sunayensu kansu habaici ne tsakanin iyayensu mata. Muddin labarin yana bakin tsofaffi da maroƙan fada, yana da mahallinsa, kuma masu sauraro sun san yadda za su ɗauke shi. Da aka rubuta shi, Turawa irin su H. R. Palmer suka buga shi cikin Ingilishi a 1928, daga baya ya shiga littattafan makaranta, sai kalmar Banza Bakwai ta zama tambarin da aka manna wa ƙasashe da al'ummu irin su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da Gwari. Yau ɗalibi Banufe ko Bagware zai buɗe littafin tarihi ya tarar an kira asalinsa da wannan kalma, kuma babu wani dattijon Daura a kusa da zai zaunar da shi ya warware masa yadda masu labarin suke nufi. Ba ina ƙaryata tarihinmu ba ne, ina nuna yadda lafazi yake daskarewa ne idan ya hau takarda.

Misali na biyu shi ma namu ne. A wajen 1958 zuwa 1959, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, masanin nan M. G. Smith ya zo ƙasar nan ya zauna da dattawa da masu sarauta, suka ba shi labarin gidajen sarauta da naɗe-naɗe da tuɓe-tuɓe da abin da ya gudana tsakanin Daura da Zango da Ɓaure. Littafin, The Affairs of Daura, bai fito ba sai a 1978, a can Kalifoniya ta Amurka. Hirar da aka yi a zaure, cikin Hausa, ta koma Ingilishi bayan shekara 20, tana kan kantocin jami'o'in duniya, kuma jikokin waɗanda aka ambata suna iya karantawa yau. Aiki ne mai daraja wanda ya adana mana abin da da ya salwanta. Amma ina shakkar ko kowane dattijo da ya yi magana a wancan zama ya hango nisan da maganarsa za ta yi.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne aikin matarsa, Mary Smith. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa mai suna Baba ta ba ta tarihin rayuwarta, ita kuma tana rubutawa. Baba ta yi zancen aure-aurenta huɗu, da rashin haihuwarta, da zaman kishi, da ƙawance, da bori, har da irin ɓoyayyun al'amuran da matan aure ba su faɗa sai a tsakaninsu. Ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a Landan a 1954, ke nan ba ta taɓa ganin sa ba. Har yau yana cikin muhimman littattafan da ake karantawa a kan rayuwar matan Hausa, kuma duk marubucin da ke son ya ga yadda ake zana tsakar gida ya kamata ya neme shi. Ita Baba da yardarta ta yi magana. Amma labarin mutum ba ya tafiya shi kaɗai, yana jan na mazansa da kishiyoyinsa da ƙawayensa, waɗanda da yawansu sun riga sun kwanta dama a lokacin, babu halin a tambaye su. Wannan tambaya ce da ke kan duk mai rubuta tarihin kansa: ina iyakar abin da yake nawa, ina kuma na wasu ya fara?

Shafukan godiya da gaisuwa

Akwai wani wuri da masu tarke ba su cika dubawa ba, alhali a nan ne muka fi yin sakaci, wato shafukan farko da na ƙarshe na littattafanmu. Duk wanda ya riƙe littattafan da aka yi ta bugawa a Kano daga ƙarshen shekarun 1980 ya san tsarin. Ga hoton marubuci ko marubuciya a bango, ga adireshin gida ko na wurin aiki don masu son aiko wasiƙa, sannan ga jerin gaisuwa mai tsawo: ƙawaye da sunayen unguwanninsu, 'yan ajinsu, wani lokaci har da wadda ake so ko wanda ake so, da kalmomin da ke nuna matsayinsa a zuciya. Daga baya lambar waya ta maye gurbin akwatin gidan waya.

A lokacin ana ganin ɗan littafi ne mai araha, za a karanta a yar, gara ta cinye. Ba haka ta kasance ba. Masana sun bi kasuwa sun tattara ɗaruruwan waɗannan littattafai, an adana su a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, har Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayensu a 2004, wanda ya ƙunshi na 1987 zuwa 2002. Bugu da ƙari, dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Yarinyar da aka gaisar a shafi na biyu a matsayin abar ƙauna, yau uwar 'ya'ya ce a gidan wani, watakila ma da jikoki, amma sunanta yana nan a inda aka sa shi. Yanzu kuma da kowa ke da kyamara a aljihu, ɗaukar hoton wannan shafi a tura wa mutum ɗari ba ya cin minti ɗaya.

Haka kuma ba a san inda littafi zai kwana ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990 don masu karatun Hausa. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi. Wannan abin alfahari ne gare mu duka. Amma marubuci ya tambayi kansa, in da nawa ne aka fassara, akwai wanda zai ji kunya a garinmu?

Kada wani ya ce ai doka za ta share abin da ya ɓaci. A ƙasar Sifen, wata jarida ta buga sanarwar gwanjon gidan wani mutum a 1998 saboda bashi. Ya biya bashin, shekaru suka wuce, amma duk wanda ya nemi sunansa a Google sai wannan sanarwa ta fito. Ya kai ƙara, a 2014 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya, ta ce a daina nuna sanarwar idan an nemi sunansa. Duk da haka ba a goge ta daga jaridar ba, kuma shari'ar ta sa duniya duka ta san zancen bashin da yake son a manta. Mu ma a nan mun ga abin da ya faru a Kano a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya fita daga hannun masu shi. Ba zan ambaci suna ba, domin ambaton shi ne irin laifin da nake magana a kai. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: an dakatar da shirya finafinai na wani lokaci, Hukumar Tace Finafinai ta ƙara tsanani, har ta kai ga neman marubuta su yi rajista su kuma riƙa kai littattafansu a duba. Asirin mutum biyu ne ya tonu, amma sai da ya shafi abincin dubban mutane, har da mu masu alƙalami.

To, sai mu daina rubuta gaskiya?

Na san wani zai ce, Malam, in aka bi ta taka ai babu mai rubuta komai sai labarin Gizo. Daga ina marubuci zai samo labari in ba daga rayuwar da yake gani ba? Kuma zaluncin da ake yi a cikin gidaje, in ba a fallasa shi ba, yaushe za a daina? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban zo don in rushe ta ba. Adabin da ke tsoron taɓa ciwon al'umma ba shi da amfani. Abin da nake cewa shi ne akwai bambanci tsakanin fallasa hali da fallasa mutum.

Mu koma ga Balaraba Ramat. Ita da bakinta ta sha faɗa a hirarraki cewa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Da ta zo rubuta Wa Zai Auri Jahila? sai ta ɗauki wannan ciwo ta ba wata yarinya ƙagaggiya mai suna Abu, ta gina mata gari da dangi da ƙaddara irin tata. Abin da ta sani a jikinta shi ya ba labarin nauyi, shi ya sa dubban mata suka ga kansu a ciki. Abin da ta bayyana na rayuwarta kuwa nata ne, ita ke da ikon bayyana shi. Wannan shi ne aikin ƙirƙira: a narkar da abin da aka gani a sake zuba shi a wani sabon kasko.

Akasin haka shi ne abin da ya sami Thomas Wolfe na Amurka. A 1929 ya fitar da littafi a kan garinsu Asheville, ya canza sunaye amma ya bar mutanen yadda kowa zai gane su, har da mahaifiyarsa da 'yan uwansa. Garin ya yi caa a kansa, sai da ya shafe kusan shekara takwas bai taka shi ba. Daura ba ta fi ƙarfin irin wannan ba. Gari ne da in ka ce mai shago kaza a bakin kasuwa wanda ya auri 'yar gidan wane, ka gama faɗin suna.

Ko makaɗanmu sun san wannan. Zambo da habaici ba su cika kama suna ba, siffa suke bayarwa, mai kaza a aljihu kuma shi ke jin as. Amma a da waƙa tana tashi ne a fada ko a dandali ta bi iska. Da faifai da kaset suka zo sai zambo ya samu tsawon rai. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma Gagarabadau tana nan ana saurare, kuma har yau ana zama ana gardamar wanda aka yi wa ita. Duk abin da ya haɗa su ya wuce, waƙar ta ƙi wucewa.

Saboda haka ga 'yan shawarwari ga ƙannena masu tasowa. Da farko, canza suna ba ya wadatarwa. A canza gari da sana'a da yawan iyali da duk wata alama da za ta sa a nuna gida, kuma ya fi kyau a haɗa halayen mutum uku ko huɗu a gina tauraro ɗaya. Na biyu, a bar rubuta cewa labari gaskiya ne, domin wannan jimla gayyata ce ga mai karatu ya shiga farautar mai labarin, kuma tana mayar da duk abin da aka ƙara na ƙirƙira ya zama shaida a kansa. Labari mai kyau ba ya bukatar rantsuwa. Na uku, abin da aka gaya maka don neman shawara ko don a rage nauyin zuciya amana ne, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In har sai ka yi amfani da shi, nemi izini, ka karanta wa mai shi abin da ka rubuta, ka kuma gaya masa gaskiya cewa in ya fita ba ya dawowa. Na huɗu, kada ka sa sunan kowa a shafin gaisuwa sai da saninsa, musamman 'ya mace. Na biyar, abin da ka rubuta cikin fushi ka bar shi ya kwana arba'in a akwati, sannan ka ba wani dattijo a cikin ƙungiya wanda ya san garin ya karanta, ka tambaye shi ko ya gane wani a ciki. In ya gane, aiki bai ƙare ba.

Kammalawa

Malamanmu sun daɗe suna yi mana wa'azi a kan giba da annamimanci, amma mun ɗauka zancen baki kawai ake nufi. Gibar baki tana tsayawa a kunnen waɗanda ke wurin. Ta alƙalami kuwa tana ci gaba da aiki marubuci yana barci, tana ci gaba bayan an binne shi. Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce, maganar baki suke nufi, to ina ga wadda aka buga kwafi dubu?

Ita maƙwabciyar tamu, daga baya na je har gida na nemi gafararta, tare da gwaggona. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, na yafe maka, na san ba da mugun nufi ka yi ba. Amma takardar fa, ka iya karɓo ta daga hannun mutane?" Ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar, kuma har yanzu ban samu ba. Ina roƙon duk wanda rubutunsa ke hannuna ya zo ya karɓa, ya sake duba shi da wannan tambaya tata kafin mu yi zancen maɗaba'a. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa alƙalumanmu su zama masu gyara. Wassalam.